Amsa: Bincike kan 'yan daba da aikin jami'a

Ɗan'uwa, ka tambaya ko bincike kan 'yan daba zai kai ka ga koyarwa a sashen nazarin zamantakewa. Zai kai, amma in kana son yin nisa a aikin sai ka haɗa da digiri na uku da wallafa maƙaloli.

Kada ka dogara da alƙaluman 'yan sanda kaɗai, wanda aka kama suke ƙirgawa. Shiga unguwa ta hannun mai unguwa, ka zauna majalisar matasa bayan la'asar, ka bi 'yan sintiri dare guda ka ga yadda suke rabon lunguna. Kwatanta daban Kano da kalaren Gombe da sara-sukan Bauchi, musamman lokacin zaɓe. Don Allah kar ka kunna rikoda sai sun yarda, kuma sunan yaro kada ya shiga kundinka.