Tambaya da Amsa: Batirin solata ya daina kaiwa asuba, ina matsalar take?

TAMBAYA: Salam Malam, daga Anguwan Rogo nake a Jos. Bara na haɗa sola, fanel 4 masu wat 300, batir tubula 2 masu 220Ah da inbata. Da farko har asuba muna da wuta amma yanzu ƙarfe 11 na dare inbata zata fara kuka ta ɗauke. Wanda ya haɗa min yace batiran ne jabu, in sayi wasu. Kayanmu firiza ne da TV da ƙwayaye, sai hitar da maman yara take dafa musu ruwan wanka da asuba saboda sanyin garin nan. Dan Allah a taimaka.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Jabun batir kam akwai shi a kasuwa ba musu, amma tunda naji ka ambaci hita da asuba gaskiya hankalina can ya tafi, kar ka yi saurin fidda kuɗi tukuna.

Fanel shi aikinsa kawai ya maida hasken rana ya zama wutar DC, wutar ta bi ta caja kwantirola wadda take daidaita cajin dan kar ya wuce ƙima, ta shiga batir ta zauna, sai inbata ta ɗebo ta juya ta zuwa AC mai bolt 220 zuwa 240 irin wadda kayan gida suke ci. Da zarar rana ta faɗi fanel ya tashi daga aiki, duk abinda ka kunna daga magariba zuwa safiya daga cikin batir yake fita.

To mu yi lissafi. Batir ɗaya bolt 12 sau 220 ɗin nan na Ah ya baka wat-awa (ma'aunin yawan wutar da aka tara ko aka ci) 2,640, guda biyu 5,280 kenan. Amma tubula batirin dalma ne da asid, in kana so ya daɗe ba a wuce rabinsa, kaga abinda kake dashi na haƙiƙa wajen 2,600 ne, kuma a cikinsa ma inbata tana cin nata kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 wajen juya wutar. A lokacin da wutar take kaiwa asuba, firiza da TV da ƙwayaye sun kwana suna tsotsa, batir ya riga ya yi ƙasa, sai kuma a tsoma hita mai wat 1,500 a bokiti daidai lokacin da ya fi galabaita, rabin awa kacal ta lashe 750, kuma jan wuta mai yawa lokaci guda yana ƙara rage abinda batirin dalma zai iya bayarwa. Kullum haka ai dole ya gaji.

Sannan ga wani abin da mutane basa lura dashi, wato rashin cika. Fanel ɗinka wat 1,200 ne gaba ɗaya, ranar da gari ya waye tas zasu iya tara maka wajen wat-awa 4,500, amma da rana ma ai kuna cin wutar, in kuma watan Agusta ne da Jos take wuni cikin hadari da yayyafi to batir zai yi kwanaki bai cika ba. Batirin dalma in ya daɗe a haka wani farin gishiri da ake kira salfet yana daskarewa a jikin farantan cikinsa, daga nan zaka ga yana nuna ya cika da wuri kuma ya sauka da wuri. Wallahi wannan ne yake kashe yawancin batiran da ake ɗora wa laifin jabu, abin yana min ciwo dan kuɗi ne masu yawa talaka yake tarawa da ƙyar.

Ka duba abin nan mai iyo dake kan murfin kowane rami, in ya sauka ka ƙara ruwan batir wanda aka tace, banda ruwan rijiya ko fiya wata kuma banda ƙarin asid. Ka cire masa kaya ya samu kwana biyu ko uku yana cika sosai, sannan mai gyara ya gwada kowanne shi kaɗai da lodi a kai. Kar ka yarda a haɗa maka sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. Kuma ɗakin ya zama iska tana shiga dan tubula yana fidda iskar haidurojin in yana caji, tana kama wuta. Ruwan wankan yara a koma gas ko gawayi, gugar kaya kuma a bari sai tsakar rana. In zaka canja kuma da hali, litiyom irin LiFePO4 ana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa, baya buƙatar ƙarin ruwa, yana yin zagayen caji dubbai, sai dai tsada, kuma ka tabbatar inbatarka tana da saitinsa.

TAMBAYA: Wata baiwar Allah daga Bukuru tace, wai gaskiya ne sanyin Jos yana hana sola aiki?

AMSA: A'a Hajiya, fanel haske yake so ba zafi ba, in ma ya wuce digiri 25 ƙarfinsa raguwa yake yi kaɗan kaɗan, saboda haka sanyin nan alheri ne gareshi. Ƙurar hunturu ce matsalarki, daga Disamba zuwa Fabrairu ki sa a riƙa wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, kuma a duba kar inuwar tankin ruwa ko reshen mangwaro ta riƙa faɗawa kansa, dan inuwa ko a gefe ɗaya ce tana iya rage wutar jerin fanel ɗin gaba ɗaya.