Amsa ga mai son sayen Mustang tokumbo ta zama motarsa ɗaya tilo

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka tun jiya da daddare amma na bari sai na samu natsuwa, don maganar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ka tara kuɗi, ka ga wata Ford Mustang 2014 mai injin V6, wato mai silinda shida, a wajen wani dila a Abuja, kana zaune a Kano, kuma ita kake so ta zama motarka ta zuwa aiki da komai da komai, shin ka saya ko ka haƙura. Ni ina riƙe da ta 2013 irin wannan injin shekaru da dama yanzu, kuma har gobe ina sonta, don haka ba zan ce maka kar ka saya ba kamar yadda wasu suka yi ta faɗa maka ba tare da sun taɓa zama a cikinta ba. Amma akwai abubuwan da dole ka sani kafin ka tura ko sisi.

Abu na farko da ya dame ni a rubutunka shi ne inda ka ce kuɗin da ka tara daidai suke da kuɗin motar. Nan ne matsalar take wallahi. Irin wannan mota kamar doki take, sayensa ba shi ne aiki ba, harawa da dusar kullum su ne aiki. Idan duk abin da ke hannunka zai tafi wajen dila, to ka jinkirta ko ka nemi wadda ta fi sauƙi, saboda a watannin farko sai ka canza baƙin mai da man giya da fulogi da birki, galibi har da tayoyi huɗu, kuma wannan motar lafiyayya nake faɗa maka ba mai ciwo ba. Ni shawarar da nake ba duk wanda ya tambaye ni, ya ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin motar ya ajiye gefe kar ya taɓa.

Yanzu maganar da ta fi komai, tarihin motar. Mafi yawan irin waɗannan motocin da kake gani a jere a Abuja da Legas daga gwanjon Amurka aka kwaso su, wato Copart da IAA, inda kamfanonin inshora suke sayar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Ba duk motar gwanjo ce mara kyau ba, wata bamba ce kawai da fitila suka fashe aka gyara shikenan. Amma ka tuna wane ne yake sayen Mustang a can, yawanci matasa ne masu zafin ƙafa, don haka dukan da suke sha ba irin na Corolla ba ne. Ka ce wa dila ya turo maka lambar VIN, wato lambar shaidar motar, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba kuma tana jikin ƙofa. Ka sa ta a Google kawai, sau da yawa hotunan ranar gwanjon za su fito ka ga motar yadda take kafin mai gyaran jiki ya taɓa ta, sannan ka biya a ciro maka rahoton tarihin motar daga kamfanin Carfax ka ga mil nawa ta yi a can ka gwada da abin da agogonta yake nunawa yanzu, don mayar da agogo baya ba wani abu ba ne a wajen wasu. Dilan da ya fara kame-kame a kan ba ka VIN ya riga ya ba ka amsa, ka yi masa sallama.

Kuma VIN ɗin da kanta tana faɗa maka gaskiyar da dila ba zai faɗa ba. Harafi na goma shi ne shekara, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014. Harafi na takwas kuma inji ne, M shi ne 3.7 V6, F shi ne 5.0 V8 na samfurin GT mai babban inji. Dalilin da ya sa na dage a kan wannan, ta 2010 jikinta kusan ɗaya ne da ta 2011 da 2012, amma tsohon inji ne a ciki mai lita 4.0 da ƙarfin doki 210, alhali daga 2011 aka sa 3.7 mai doki 305 kuma ya fi wancan sauƙin shan mai. Ka san kuma mutanenmu da canza wa mota fuska da fitilu a ce maka sabon yayi ce. Tunda 2014 aka ce maka, in ba ka ga E a wuri na goma ba to magana ta ƙare.

Hatsari ana iya gyarawa, ruwa ne abin tsoro. Guguwar Harvey da ta nutsar da Houston a 2017 da Ian da ta daki Florida a 2022 sun lalata motoci masu ɗimbin yawa, kuma da yawansu sun bi jirgi sun fita ƙasashen waje. Akwai wata ja da na raka wani abokina dubawa a wani filin sayar da motoci, fenti sai ƙyalli, an fesa turare a ciki har yana hawa kai. Bakaniken da muka je da shi bai ko kalli injin ba, ya tura kujerar direba baya har ƙarshe ya haska ƙarfen da take gudu a kai, kusoshin duk sun yi tsatsa ja, ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshensa sai ga layin datti kamar inda ruwa ya tsaya, ya ɗaga kafet ɗin but ya sa yatsa a lungu ya fito da busasshen yashi mai laushi. Mai motar yana ta rantsuwa wai wanki ne. Irin wannan za ta yi maka lafiya wata biyu uku sannan wayoyinta su fara ruɓewa daga ciki, yau gilashi ya ƙi sauka gobe fitilun dashbod duk su kama jibi ta ƙi tashi gaba ɗaya, kuma babu mai gyaran wayar da zai ce maka ga ƙarshen abin. Araha ba ta ado, in ka ga kuɗinta ya faɗi ƙasa da na 'yan uwanta sosai ka tambayi kanka me ya sa.

Ka je da bakanikenka, ba wanda dila ya kawo ba, kuma wanda yake da na'urar sikana ya iya karanta ta. Ku je da sassafe ku tayar da ita injin na sanyi, don mota mai matsala in an ɗumama ta kafin ka zo tana ɓoye abubuwa da yawa. Lokacin da ka murɗa makulli kafin inji ya tashi duk fitilun gargaɗi su kama sannan su mutu, musamman ta jakar iska da ta cek inji, in wata ba ta kama ba sam to an cire ƙwanta ne ko an rufe ta. Maganar jakar iska ka ɗauke ta da muhimmanci, wasu bayan hatsari murfin kawai suke mayarwa ciki wayam. Sannan Mustang daga 2005 zuwa 2014 tana cikin motocin da aka yi wa kiranye a dawo da su gyara saboda jakar iskar kamfanin Takata mai fashewa da ɓarɓashin ƙarfe, zafi da laima su ne suke ƙara lalata ta, ka sa VIN a shafin hukumar NHTSA ta Amurka kyauta ne za ka ga ko an canza mata. A ɗaga ta sama a duba ƙasa, ƙarfen gaba ko an yi masa walda, ko an sace abin nan mai tace hayaƙi na cikin salansa da kanikawa suke ce wa indomi. Ka duba bakin bonet ta gaba, na alminiyom ne kuma fentinsa yana yawan kumbura a wannan yayin, wannan ba zai hana ka saya ba amma abin neman ragi ne.

Takardun kwastan kuma kar ka yarda da hoto a waya. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wadda aka ce ta biyo ta Kwatano ko ta Maraɗi ka yi taka tsantsan, ka ɗauki takardun ka kai ofishin kwastan a tantance an biya kuɗin fito cikakke kafin ka biya. Mota ce mai jan ido, duk shingen da ka zo sai an tsayar da kai ko don a kalle ta ne, in takardunka ba su cika ba ranar da za a karɓe ta a hanyar Kaduna ba wanda zai dawo maka da kuɗinka.

To ka saya, yaya zama da ita a Kano. Gaskiya daɗinta a kan buɗaɗɗen titi yake, in ka fita da asuba inda kwalta take da kyau ka taka ta ka ji yadda take tura ka jikin kujera, wannan abin har yau bai gundure ni ba. Amma cikin gari wani labari ne. Tana ƙasa, hancinta dogo ne, tudun rage gudun da ake yi a unguwanni kowa da irin tsayin da ya ga dama sai ka hau shi a karkace a hankali taya ɗaya bayan ɗaya, 'yan adaidaita sahu suna ta danna maka hon a baya. Da damina kuwa in ruwa ya kwanta a titi ba ka san zurfinsa ba ka juya kawai, kar ka bi bayan jif ka ce ai ya wuce. Ka fara duba layinku da ƙofar gidanku, in akwai kwalbati mai tudu a bakin get to da shi za ka dinga fama safe da yamma.

Kuma da tayoyin baya take ja, ba kamar Camry da Accord da muka saba ba. Ruwan farko in ya sauka a kan kwalta mai ƙura da mai, ko yashin nan da yake taruwa a shataletale, kana taka totur a kwana bayanta zai fita ya juyo da kai kafin ka ankara. Wannan yayin har 2014 ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya guda ɗaya ne sambal, sai 2015 aka raba shi, shi ya sa in ta daki rami a tsakiyar kwana takan yi tsalle gefe. Kar ka kashe maɓallin da yake hana ta zamewa don abokai sun ce ka yi musu wasan mota a wajen biki, na roƙe ka, an rasa rayuka a wannan wasan kuma sau da yawa 'yan kallo ne. Kar ka sa mata taya 'yar gwanjo, ka karanta lambobi huɗun da suke gefen taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara. Ka kuma leƙa but, wasu ba sa zuwa da safaya sai ɗan famfo da ruwan faci, wanda ba zai yi maka komai ba in taya ta yage tsakanin Zariya da Kwanar Dangora.

Mai kuma, tankinta kusan lita 61 ne. A doguwar tafiya in ka riƙe ƙafarka tana da sauƙi fiye da yadda mutane suke zato, tawa tana ba ni wajen kilomita 11 zuwa 12 a lita, amma a cunkoson cikin gari da AC a kunne shida zuwa bakwai nake gani. Kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 ba na ma lissafi, lokacin da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024 kuwa sai da na koma fita da ita ƙarshen sati kawai. Abin da ya sa na fi son V6 a nan, tana shan man gidan mai na yau da kullum ba gardama. Ka riƙe gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka guji na 'yan bumburutu, ka tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 yadda ya kwantar da motocin mutane.

Baƙin mai 5W-20 aka rubuta mata, kusan lita shida. Za ka haɗu da bakaniken da zai ce ai zafin Kano sai mai kauri 20W-50, wani kuma zai ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye kamar yadda suke yi wa tsofaffin motoci. Kar ka bari, kuma ruwan kulan na sanyaya inji za a zuba a lagireto ba ruwan rijiya ba. Kayan gyara irin su filta da fulogi da birki ana samu, wasu a Ƙofar Ruwa wasu sai an aiko daga Apo a Abuja ko Ladipo a Legas, amma fitila ko bamba ko gilashin ƙofa yawanci sai an yi oda daga Amurka da dala, motar na iya yin sati uku ko wata a rufe da tamfol tana jiran abu ɗaya. Saboda haka inshorar dole ta naira 15,000 ba ta ishe ka ba, wanda ka buga kawai take biya, in da hali ka yi cikakkiya, tana kamawa daga kashi biyar cikin ɗari na darajar motar a shekara.

Wannan jiran kayan shi ne ya sa ba na goyon bayan ta zama motarka ɗaya. Ga kujerun baya kuma na yara ne, ƙofa biyu ce, ba za ka ce Hajiya ta sunkuya ta shiga baya ba in za ka kai ta asibiti ko gidan suna, gaban ma sai an riƙe mata hannu wajen fita saboda ƙasa take sosai. Ni da ƙaramar mota a gida da take ɗaukar cefane da 'yan makaranta, shi ya sa Mustang ɗin ba ta taɓa zame min nauyi ba. In kana da ko tsohuwar Corolla ko babur mai kyau da za ka faɗa kai ranar da ta kwanta, ga kuɗin ajiyar nan da na faɗa, ga VIN ta fito tsaf, to bismillah ka saya Allah ya sa alheri ya tsare hanya. In babu ko ɗaya daga ciki ka ƙara haƙuri zuwa baɗi, ba za su ƙare a kasuwa ba.

Ka karɓo VIN ɗin da hoton agogon mil da hoton ƙasan motar ka sa a nan, ni da sauran masu irinta za mu duba maka kafin ka kama hanyar Abuja in sha Allah.