Yaya, Ga Dalilin Da Ya Sa Ɗanka Soja Yake Tambayar Ranar Haihuwarka

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka na murya ya same ni a hanyar dawowa daga aiki, sau uku na saurare shi a cikin mota kafin in shiga gida. Na ji ɓacin rai a muryarka, kuma ban ga laifinka ba. Yaro ya kira ka daga Amurka, ko gaisuwa ba a gama ba ya hau tambayar cikakken sunanka, da ranar haihuwarka, da ko aikinka na sakatariya aikin gwamnati ne. Ka ce ya ranto kuɗi a banki a haɗa a saya masa filin nan na hanyar Kongolam, ya ce ba yanzu ba. Shi ne kake tambaya ko mu muka ɓata shi, ko kuwa soja ne suka mai da shi ɗan rahoto a kan danginsa. Babu ko ɗaya, Yaya. Shi ya sa na zauna in rubuto maka, don maganar ta fi ƙarfin waya.

Ka tuna binciken da aka yi kafin a ba da auren babbar 'yarka? Ba wurin yaron kuka je ba, ba kuma wurin mahaifinsa ba. Kun tura mutum unguwarsu, ya zauna a majalisa, ya tambayi mai shago, ya tambayi waɗanda suke sahu ɗaya da shi a sallar asuba. Yana shaye-shaye? Yana cin bashi ya hana? To, irinsa ake yi wa ɗanka, sai dai amanar da za a damƙa masa ta sirrin ƙasa ce. Aikin da aka ba shi a sashen sadarwa ba ya yiwuwa sai da izinin taɓa bayanan sirri, kuma izinin hawa uku ne, nasa shi ne na sama. Hukumar da ke binciken sunanta DCSA, a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro take, tun watan Oktoba na 2019 aikin ya koma hannunta. Takardar da ake cikewa kuwa SF-86 ake kiran ta. Idan aka buga ta ta haura shafi ɗari, kodayake yanzu ta kwamfuta ake cike ta.

Mun yi dare huɗu ni da shi da uwarsa a teburin cin abinci a kan takardar nan. Duk gidan da ya zauna a shekara 10 da suka wuce, duk inda ya yi aiki, duk ƙasar da ya taka cikin shekara 7, har zuwan da muka yi Sallar Gani da kwana biyun da muka tsallaka Damagaram gaisuwar rasuwa. Akwai wurin da ake son sunan duk wani ɗan wata ƙasa da kuke da kusanci kuma kuna magana a kai a kai, wanda ƙauna ko wani nauyi ya haɗa ku. A nan sunanka ya shigo. Kai ne kake kiran sa duk Juma'a, kai ya yi wa aike lokacin bikin nan. Da ya bar ka a waje, to ya yi ƙarya ke nan, kuma ƙarya da gangan a wannan takarda laifi ne da dokar tarayya ta yanke masa ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Tambayar aikinka ma daga takardar take: suna son su san ko wanda kake kusa da shi yana yi wa gwamnatin wata ƙasa aiki. Ba su ce laifi ne ba. So suke su ji daga bakinsa kafin su ji daga wani wuri.

Maganar shaidu ita ta fi bambanta da tamu. A gida, yaron da zai tafi Depo a Zariya yana buƙatar takardar shaidar ƙaramar hukuma da mai tsaya masa, kuma kowa yana neman babban mutum ne ya sa hannu, ko da babban bai taɓa ganin yaron ba sai ranar. A nan girman mai shaida ba ya ƙara komai. Mutum uku ake nema waɗanda suka san ka sosai, sanin nasu ya rufe shekara 7, kuma ban da dangi. Ɗanka ya sa abokinsa na makaranta, da wani dattijo Bazazzage da muke masallaci ɗaya, da matar da ya yi wa aiki a shagon gyaran waya.

Mai binciken ta je gidan dattijon nan da kanta. Ya ba ni labari: ta nuna katin aikinta, ta ƙi cin abinci, ta karɓi ruwa kawai, ta buɗe ɗan littafi. Tun yaushe ka san shi? Yana shan giya? Ka taɓa ganin yana kashe kuɗin da ya fi samunsa? Da za ta tashi sai ta ce, ban da kai, wa kuma ya san shi? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ainihin aikin. Sun san wanda ka zaɓa yabon ka zai yi, don haka ta bakinsa suke bi su kai ga wanda ba ka zaɓa ba. Mu ma da muka fahimci haka, sai dattawanmu suka daina yabon da ya wuce kima. In yaro ya nemi ka zama shaidarsa, za ka zaunar da shi ka ce, abin da na sani zan faɗa, in akwai wanda ka ɓoye ka je ka gyara tun yanzu.

Sai bashi, wanda shi ne ya fi yawan kayar da mutane a wannan bincike. Ƙa'idojin da ake auna mutum da su guda 13 ne, tsarin da ake bi yanzu ya fara aiki a 2017, kuma harkar kuɗi ɗaya ce daga ciki. Kada ka ɗauka mara bashi suke nema. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, balle a ƙasar da gida da mota da karatu kusan duk da bashi ake yin su. Abin da suke dubawa shi ne yadda ka riƙe shi. Akwai kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, da suke ajiye tarihin bashin kowa, wata bayan wata. Mai bincike zai zaro naka ya ajiye kusa da abin da ka rubuta. Akwai bashin da ka bari ya haura kwana 120 ba ka biya ba? An ƙwace maka mota? Ka ƙi biyan haraji? Caca ta taɓa jefa ka cikin matsala? Idan ciwo ne ko korar aiki ko mutuwar aure ta jawo, kuma ka nuna ka je ka yi yarjejeniya kana biya kaɗan kaɗan, ana ɗaga ƙafa. Wanda ba a yi wa uzuri shi ne mai jefa wasiƙun masu bin sa a kwandon shara.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Wanda bashi ya shaƙe wa wuya, an gano lagonsa. A 1985 wani jami'in CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, mai suna Aldrich Ames, bashi ya yi masa katutu bayan rabuwa da matarsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyat a Washington ya sayar da sirri a kan dala 50,000. Daga nan bai tsaya ba. Ya ba da sunayen mutanen da ke yi wa Amurka aiki a ɓoye, aka kashe da yawa daga cikinsu. Ya sayi gidan dala 540,000 kuɗi hannu da albashin da bai kai ko kusa ba, ba a kama shi ba sai 1994. Shi ba soja ba ne, amma darasinsa ya shafi duk mai riƙe da sirri: ana tsoron mai bashin da ya fi ƙarfinsa, ana kuma tsoron mai dukiyar da ba a san tushenta ba. Yanzu ka auna yaro mai shekara 23, ƙaramin soja, ya ci bashin banki ya tura wata ƙasa, aka sayi fili da sunansa ana tsakiyar bincikensa. Ba haramun ba ne a dokarsu, amma dole ya bayyana, kuma tambayoyi za su ƙaru. Shi ya sa ya ce ba yanzu ba.

Bari in faɗa maka inda muka kusa tuntuɓe. Yana shekara 19 ya karye a hannu wajen ƙwallo, muka je wani asibiti. Na ɗauka inshora ta biya duka. Ashe akwai ragowar kuɗi da sunansa, mun kuma tashi daga gidan, wasiƙu suna zuwa tsohon adireshi har aka miƙa wa masu karɓar bashi. A daren na uku na cike takarda ya buɗe tarihin bashinsa ya gani. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne, biya shi gobe ka yi shiru, Allah ya rufa asiri. Yaron nan ya dube ni ya ce, Baba, biya zan yi, kuma rubutawa zan yi. Ya rubuta, ya haɗa da rasit. Ranar ganawarsa da mai bincike, maganar ba ta ɗauki minti biyar ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, kuma har gobe ina roƙon sa a kowace salla. Da shi aka raine mu: ba a tona talaucin gida, ba a faɗin abin kunyar ɗan'uwa. Amma a kan wannan takarda, abin da ka rufe shi ne igiyar da wani zai ja ka da ita. Wanda ya taɓa shan wiwi yana makaranta ya faɗa, ya nuna ya daina da daɗewa, sau da yawa yana wucewa. Wanda ya ce bai taɓa ba, abokinsa ya ce sun sha tare, shi ke nan, ba wiwin ce ta kayar da shi ba. A jiharmu ta Maryland an halatta wa manya ita tun 2023, amma a dokar tarayya haramun ce har yanzu, soja kuwa na tarayya ne, kuma yaranmu da dama sun ruɗe a nan. Kamun 'yan sanda ma haka: ƙaramin laifin ƙuruciya ana iya neman a yafe a ɗauki mutum, manyan laifuka kuwa suna rufe ƙofa. Suna cewa mutum gaba ɗayansa suke aunawa, da shekarunsa lokacin da abin ya faru, da yadda ya zama bayan nan. Kuma ba a gamawa. Da can sai bayan shekaru ake sake bincike, yanzu kwamfuta ce ke bibiyar bayanan kotu da na bashi a kai a kai.

Zama da wannan tsari ya canza mu, kuma ba duka nake baƙin ciki da shi ba. Adashen da matanmu suke yi yanzu da littafi ne, kowa da sa hannunsa. Aike gida ta banki ko kamfanin tura kuɗi, don a sami shaida, an rage ba wa matafiyi a ambulan. Rance tsakanin 'yan'uwa a rubuce. Da farko wasu sun ga kamar rashin yarda ne, har limaminmu ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Kai ma ka san ba a ɗaga gawa a Daura sai an yi shela, mai bin mamaci ya zo ya ga magada. Ka kuma san hadisin da ya ce ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Abin namu ne tun asali, sakaci muka yi da shi.

Ba zan ce maka tsarin ba ya ƙuntata mana ba. Yaron da danginsa duk suna gari ɗaya a Amurka zai tsallake wannan sashe da layi biyu. Namu, da yake Bahaushe ba ya rasa 'yan'uwa, sai ya cika shafuka, binciken ya yi ta ja, abokansa sun fara aiki shi yana jira. Zumuncin da muke alfahari da shi sai ya koma abin da ake auna haɗarinsa, kuma wannan yana yi mini ciwo. Sannan a 2015 aka gano an yi kutse a rumbun hukumar ma'aikatan gwamnatin Amurka an kwashe bayanan mutum sama da miliyan 21, da irin waɗannan takardu a ciki. Don haka in ka ji ɗar game da ba da bayananka, kana da hujja. Iyakar abin da takarda ta nema za a ba su, ba lambar banki, ba lambar katin ɗan ƙasa.

Game da autanka da ka ce yana sha'awar sojan nan: ba a shiga daga Nijeriya. Sai wanda yake ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, izinin sirri kuwa a ƙa'ida sai ɗan ƙasa. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sama masa gurbi, ɗan damfara ne, kada a ba shi ko kwabo.

Abin da ya rage a wurinka kaɗan ne: sunanka yadda yake a fasfo, ranar haihuwa da garin haihuwa, adireshin gida, da sunan wurin aiki. In ranar haihuwar ba tabbas, ka faɗa masa haka, akwai wurin da ake nuna cewa kintace ne. Fili kuma, ka riƙe mai shi da magana zuwa bayan babbar Salla, ni zan turo rabin kuɗin daga wurina, a rubuta da sunan Hajiya.

Ka kira shi ranar Juma'a kamar yadda ka saba. Tun ranar da kuka yi wayar nan bai sake ba, ya tambaye ni sau biyu ko Baba na Daura yana fushi da shi.

A gaida Hajiya da mutanen gida duka.

Ƙaninka, daga Maryland.