Zafi da saurin aikin inzayim

Ka tambaya ko zafi ne ke rage makamashin da ake buƙata kafin sinadarai su fara sauyawa. A'a, wannan aikin inzayim ne, wato furotin da ke hanzarta sauyawar sinadarai a jikin mai rai, kuma a nan ɗalibai suka fi yin kuskure. Zafi yana ƙara wa ƙwayoyin sinadaran gudu ne, sai masu iya tsallake shingen, wato wancan makamashin da ake buƙata, su yawaita. Ƙarin digiri 10 a ma'aunin Celsius yakan kusan ninka saurin sauyawar. Amma yawancin inzayim na jikinmu sun fi aiki wajen digiri 37, kuma idan zafi ya wuce kima siffarsu takan lalace, kamar yadda farin ƙwai ke ƙanƙamewa a kasko. Sanyi kuwa rage musu sauri kawai yake yi.