An ga ƙullutu a huhun Baba: me za mu ba shi ya ci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 63, muna zaune a Gwammaja. An yi masa hoton CT na ƙirji, aka ce an ga ɗan ƙullutu mai milimita 7 a huhunsa na dama, ya koma bayan wata shida a sake hoto. Ya daɗe da barin sigari. Tun ranar gida ya rikice: Gwaggo ta ce a hana shi nama da ƙwai da madara don su ke ciyar da ƙari, wani ya sayo ƙwayoyin bitamin na karas a kemis, wata ta aiko da haɗin gargajiya a gora. Wane abinci ne zai narkar da ƙullutun?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya yi miki albarka.

Babu abincin da ke narkar da ƙullutun huhu, babu kuma wanda za a daina ci ya sa ya motse. Amma ki kwantar da hankalinki. Yawancin ƙananan ƙullutai irin wannan ba ciwon daji ba ne, kuma a nan ƙasar tamu sau da yawa tabo ne na tsohon ciwo da ya warke, musamman tarin fuka, wanda wani ma bai san ya taɓa yi ba. Wata shidan da aka ba ku ba sakaci ba ne: ƙa'idar da likitocin hoto ke bi tun 2017 ta ce mai girman milimita 6 zuwa 8 a sake duba shi tsakanin wata 6 zuwa 12, a ga ko ya ƙaru. Don haka ki adana faifan hoton farko da takardar sakamakonsa, da su za a gwada na biyu.

Shawarar Gwaggo ce ta fi damuna, duk da na san ƙauna ce ta sa. Dattijon da aka hana abinci mai gina jiki tsokarsa ce ke zaizayewa, har da tsokar da yake numfashi da tari da ita. In ta kama a ɗebi ɗan nama a ƙullutun don gwaji, ko a yi aiki, mai ƙarfin jiki ya fi saurin miƙewa. Mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, giram 60 zuwa 70 a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Kin ga ke nan ƙwai biyu da safe ba su kai ko'ina ba, balle a hana shi.

Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Kokon safe a haɗa masa da ƙosai ko alale da dafaffen ƙwai. Da rana shinkafa da wake, waken ya fi yawa, ko ɗanwake, ko dambu da aka cika wa zogale. Da dare tuwonsa da ya saba, amma miyar kuka ko taushe ta ji kifi ko nama. Awara tana da araha kuma tana aiki ƙwarai, haka kunun gyaɗa da kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Gyaɗar dai a tsince wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci, don tana cutar da hanta. Idan cin nasa ya ragu, kada a ajiye masa kwano shaƙe da tuwo ya kalla ya kau da kai. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Mai ciwon ƙoda ne kawai zan ce ya tambayi likitansa kafin ya ƙara furotin.

Ganye da 'ya'yan itace, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla giram 400 a rana. Abin da ke yayi a 'Yan Kaba ko 'Yan Lemo shi za ki saya, gwanda ce, gwaiba ce, lemo ne, kabewa ce.

Ƙwayoyin bitamin ɗin nan kuma, ki duba jikin kwalbar. In an rubuta beta-carotene, wato sinadarin da ake samu a karas, kada ya sha. An gwada shi a Finland a kan maza masu shan sigari kusan 29,000, da sa ran zai kare su, sai sakamakon 1994 ya nuna ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha. A Amurka ma an tsayar da irin wannan gwaji a 1996 kafin lokacinsa don an ga irin wannan illar, kuma a cikin mutanen har da waɗanda suka riga suka bar sigari, kamar Baba. Karas ɗin kansa ba shi da laifi, ya ci son ransa. Ƙwayar da aka tattara sinadarin da yawa ita ce matsalar.

Haɗin gora ban san abin da ke ciki ba, mai aikowar ma da wuya ta sani. Idan daga baya aka gano tarin fuka ne, magungunansa na wata shida suna ɗora wa hanta nauyi, kuma haɗa su da jiƙe-jiƙe na iya kai mutum ga ciwon shawara. Zuma da habbatus sauda daidai misali ba zan hana ba, muddin ba su sa an fasa komawa hoto ba. In yana da ciwon suga a kula da zumar, a kuma riƙe sugan da kyau, don yana ninka haɗarin tarin fuka kusan sau uku.

Madara ya sha, amma tafasasshiya. Akwai nau'in tarin fuka na shanu da ke bin ɗanyar madara, saboda haka kafin a dama masa fura a tabbatar an dafa madarar kafin a yi nonon.

Sannan ki dubi inda Baba ke zama. A gidajenmu na cikin gari sau da yawa tabarmar dattijo tana kusa da murhu, hayaƙin itace ko gawayi na bi ta kansa safe da yamma, da dare a kunna maganin sauro mai hayaƙi a rufe ɗaki, janareta na ruri a bakin taga. Ga turaren wuta, ga samari masu shisha. Wannan ya fi shafar huhunsa fiye da abin da ke cikin tukunyar. A matsar da shi, a buɗe taga, in hunturu ya kama da ƙura ya sa takunkumi kafin ya fita.

Ki riƙa auna nauyinsa sau ɗaya a wata, a ma'auni guda, ki rubuta. Idan ya zubar da kamar kilo 3 alhali yana cin abinci, ko tari ya wuce mako biyu, ko yana gumin dare da zazzaɓin yamma, ko aka ga jini a kakinsa, kada ku jira wata shida. Ku koma wurin likitansa nan take, a kuma yi gwajin kaki na GeneXpert, mai gano tarin fuka. Ana yin sa a asibitocin gwamnati irin su Asibitin Zana da na Murtala da na Malam Aminu Kano, kuma gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne.