Haɗa ilimin halayyar ɗan'adam da kula da ma'aikata a jami'a

Ƙanwata ta Gusau, kin ce ranki na kan ilimin halayyar ɗan'adam, a gida kuma ana so ki karanci harkar kula da ma'aikata saboda samun aiki. Ko za a iya haɗa biyun?

Ana iyawa, amma bi da bi, domin kwas ɗaya JAMB ke ba da gurbi a kansa. A ganina ki fara da halayyar ɗan'adam, ki dage kan reshen da ke nazarin wurin aiki: yadda ake tantance masu neman aiki, abin da ke sa ma'aikaci ƙwazo ko sanyin jiki, da yadda ake sasanta shugaba da na ƙasa da shi in sun saɓa. Bayan digiri sai ki zauna jarrabawar CIPM, cibiyar ƙwararrun harkar kula da ma'aikata a Najeriya.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne zaton ilimin halayyar ɗan'adam karatun duba zuciyar mutane ne. Ina! Ƙididdiga ce jingim da rubuta rahoton bincike. Dokar ƙwadago da lissafin albashi da fansho kuwa, sai kin nemo su da kanki. Digirin farko kuma ba ya ba ki damar duba masu taɓin hankali.

Kafin ki cike fom, buɗe kundin JAMB ki ga jami'o'in da ke da kwas ɗin (Jami'ar Jos na ciki), ki tabbatar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da shi. Darussan da ake buƙata a WAEC kuwa, tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kika zaɓa.