Amsa: Wane shirin talabijin ne zai koya wa yaro haƙuri?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki mai shekara huɗu da an hana shi abu sai birgima, kina tambaya ko akwai shirin yara da zai taimaka. Akwai.

Ki nemo masa Sesame Square, wanda aka fara nunawa a NTA a 2011, reshen Sesame Street na Amurka da ke gudana tun 1969. Akwai 'yar tsana Kami, marainiya mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, amma tana wasa cikin ƙawayenta ba tsangwama. Wannan kaɗai ya sa nake ƙaunar shirin. Akwai kuma Akili and Me na kamfanin Ubongo a Tanzaniya, da aka juya zuwa Hausa.

Sai dai don Allah kada ki kunna masa ki shige kicin. Zauna kusa da shi, ki tambaye shi, "Me ya sa ta ɓata rai?" 'Yata haka muka yi da ita. Rannan ƙaninta ya fasa mata kofi, maimakon ta kai masa duka sai ta zo ta riƙe zanena ta ce, "Umma, raina ya ɓaci." Wallahi sai da na rungume ta.

Rabin awa a rana ya ishe shi. Allah Ya raya mana su.